Fashin Baƙi: A Wane Layi 'Yar Aiki Take Fitowa a Lissafin Masu Bincike?

Kusan duk alƙaluman da muke ji a rediyo game da talauci, da yaran da ba sa zuwa makaranta, da allurar rigakafi, a ƙofar gidajen mutane ake tattaro su. Ma'aikacin bincike ya zo da 'yar kwamfutarsa ta hannu, ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma a zaure ko a fito masa da kujerar roba, ya shiga jero tambayoyi. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi irin wannan zagaye na binciken lafiya da yawan jama'a a 2008 da 2013 da 2018, ta sake yi tsakanin 2023 da 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ma tana da nata, irin wanda ta yi da haɗin gwiwar UNICEF a 2021. Tunda rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, waɗannan bincike-binciken ne gwamnati da ƙungiyoyin agaji suke dubawa in za su yi kasafi ko su tsara wani shiri.

To amma a gidaje da yawa na Gombe da Bauchi, daga Tumfure har Fadaman Mada, akwai wadda take riga kowa tashi, kuma ita ce ƙarshen kwanciya. Ita ke share tsakar gida, ta yi wanke-wanke, ta goya jariri, ta kai markaɗe, ta dawo ta tarar da tulin wanki. In an gama cike takardun nan an tattara an kai Abuja, a wane layi wannan yarinya take fitowa? Wanda ya gane amsar wannan tambaya zai gane abin da ya sa ake ta yin dokoki a kan 'yan aiki amma dokokin ba sa isa inda suke.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta fitar da rahoto a 2021 inda ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 75.6, 'yan shekara 15 zuwa sama, suna aiki a gidajen wasu. Kashi 76 cikin ɗari mata ne, kuma wajen takwas cikin goma ba su da takardar ɗaukar aiki ko wata kariya ta hukuma. Rabon Afirka a lissafin miliyan 9.6 ne. Ƙananan yara ba sa ciki. Ƙiyasin da ƙungiyar ta yi a kan yara na shekarar 2012 ya ce miliyan 17.2 ne ke aiki a gidajen da ba nasu ba, kashi biyu cikin uku 'yan mata. Duk wanda ya zauna a garuruwanmu zai ji adadin da aka ba Afirka ya yi kaɗan, su kansu masu lissafin ba su ɓoye cewa irin wannan aiki yana yawan kuɓuce wa ƙidaya ba.

Matsalar daga tambayar farko take somawa: su wa za a lissafa a matsayin mutanen gida ɗaya? Ƙa'idar da aka fi bi ta ce su ne waɗanda suke kwana wuri ɗaya, suke ci daga tukunya ɗaya, suka kuma yarda da mutum ɗaya a matsayin shugabansu. A kan takarda babu laifi. Amma shiga wani babban gida a Jekadafari ko Herwagana da wannan ƙa'ida ka ga yadda za ta kaya. Ga 'yan'uwa uku kowa da sashensa, ga tsohuwa mai ɗora 'yar tukunyarta da rana amma da dare kowane ɗaki ya aiko mata da kwano, ga kishiyoyi masu karɓa-karɓar girki, ga kuma kwanon da kullum yake fita waje wurin almajiri. Tukunya nawa za ka rubuta? Tun 1981 masaniyar halayyar al'umma Jane Guyer ta ja kunnen masu nazarin Afirka cewa mutane da abinci da kuɗi kullum cikin shige da fice suke tsakanin gidaje, saboda haka wanda ya ɗauki gida a matsayin abu guda mai iyaka zai yi ta ɓatan kai. Daga baya Lori Beaman da Andrew Dillon suka gwada abin a ƙauyukan Mali, suka buga sakamakon a 2012. Sun riƙa ɗan sauya kalmomin da ake bayyana wa mutane ma'anar iyalin gida da su, sai ga shi yawan mutanen da ake lissafowa ya sauya, har alƙaluman abin da gida ke ci suka sauya. Mutanen dai su ne, ƙauyen shi ne, tambayar kawai aka taɓa.

In haka ta faru da 'yan'uwa na jini, ina ga wadda ba ta da dangantaka da kowa a gidan?

Ga yadda abin yakan kasance. Ma'aikaci ya ce, "Alhaji, mutum nawa ne suke kwana a gidan nan?" Alhaji ya lissafo kansa da uwargida da amarya da yara, har da na goye. "Ranka ya daɗe, babu wani kuma? Ko baƙo, ko mai aiki?" Alhaji ya ɗan yi jim, ya leƙa ciki ya ɗaga murya: "Hajiya, yarinyar nan ta wajenki, mene ne ma sunanta na yanka?" Daga bayan labule a amsa: "Ai 'yar gida ce, riƙonta nake yi." Ita kuwa yarinyar tana bakin rijiya tana cuɗa tukunya da toka, tana jin komai, babu wanda ya ce ta zo. Abu uku ne zai iya faruwa a nan: ko a manta da ita gaba ɗaya, ko a rubuta ta a matsayin 'yar riƙo, ko a sa ta a gurbin mai aikin da ke kwana a gida, don wasu takardun suna da wannan gurbi. Ko wanne aka yi, bakin wanda take yi wa aiki ne ya yi magana a madadinta.

Abin bai tsaya nan ba. A binciken da ake yi tare da UNICEF, tambayoyin da suka shafi yaro ɗan shekara 5 zuwa 17, ciki har da awa nawa ya yi yana aiki a makon da ya wuce, uwarsa ake yi wa ko mai kula da shi. A gidan da muka kwatanta, Hajiya ce mai kula da ita. Ba sai Hajiya ta yi niyyar ƙarya ba. A ganinta ɗauko ruwa da riƙe yaro ba aiki ba ne, hidimar gida ce da kowace 'ya mace take yi. Sai awa goma sha biyu ta koma "tana ɗan taimakawa".

Akwai kuma batun ma'aunin wadata, wanda ni a ganina shi ya fi komai ɓata lissafi. Masu bincike ba sa tambayar albashi, don mutane ba sa faɗin gaskiya a kai. Sai su duba abin da gida ya mallaka: talabijin, firji, mota, irin daɓen ɗaki, inda ake samun ruwan sha, irin banɗaki. Da wannan ake raba gidaje kashi biyar, daga mafi talauci zuwa mafi wadata, kuma duk wanda aka rubuta a gida matsayin gidan yake ɗauka. Ke nan yarinyar da talauci ya koro daga ƙauye, wadda ba ta da ko takalmi biyu, za ta fito a jerin 'ya'yan masu hali saboda akwai firji a ɗakin da take gogewa. A wasu lissafe-lissafen ma, samun mai aiki a gida yana cikin alamun da ake auna wadatar gidan da su. A can ƙauyensu kuma ba za a rubuta ta ba, tunda ba a can take kwana ba. Talaucinta ya ɓace a wuri biyu.

Hukumar Ƙididdiga ta yi bincike na musamman kan aikin ƙananan yara a 2022, ta fitar da sakamakon a 2024: yara miliyan 24.6, wato kashi 39 cikin ɗari na 'yan shekara 5 zuwa 17, suna aikin da doka ta ce bai dace da shekarunsu ba. Wannan ya haɗa da gona da kiwo da talla da sauransu. Yaron gona ana ganinsa, mai talla tana bakin titi. Mai aikin gida tana bayan katanga, kuma a yawancin gidajenmu namiji baƙo iyakarsa zaure.

Don a fahimci yadda aka yi aikin gida ya zama abin da ba a ɗauka aiki ba, sai an ɗan koma baya. Kafin zuwan Turawa, manyan gidaje a masarautun Bauchi da Gombe, kamar sauran ƙasashen daular Sakkwato, bayi ne ke yin mafi nauyin hidimarsu. Dokar da Lugga ya kafa ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne ba bawa ba, amma ba a soke bauta kwata-kwata a Arewa ba sai 1936. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun bi diddigin yadda abin ya ja jiki shekara da shekaru, 'yantattu da yawa suka ci gaba da zama a gidajen iyayengijinsu. Ga kuma barantaka, wadda M. G. Smith ya yi bayaninta a nazarinsa na ƙasar Zazzau: mutum ya jingina da babba, ya yi masa hidima ba tare da an yanka albashi ba, shi kuma ubangida ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya yi masa aure, wataƙila ya ba shi jari. Ba ina cewa 'yar aikin yau baiwa ce ba. Abin da nake nunawa shi ne, mun gaji tunanin cewa wanda ke hidima a cikin gida ci da sutura da alheri ne ladansa, ba ƙayyadadden haƙƙi ba. Bambancin shi ne ubangidan da yana ɗaukar nauyin baransa har tsufa, yanzu kuwa ranar da aka gaji da yarinya sai a ba ta kuɗin mota.

Riƙo shi ne ɗaya tushen. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta tsakanin 1949 da 1950, ba ta haihu ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta aurar da su. Irin wannan riƙo yana da ƙa'idojin da kowa ya sani ko da ba a rubuta ba. Goggo ko inna ko kaka ce ke karɓar yaro, iyaye suna zuwa suna gani, dangi suna sa ido, kuma wadda ta riƙi yarinya ita ke da nauyin kayan ɗakinta. Esther Goody ta yi nazarin wannan al'ada a Gana, Uche Isiugo-Abanihe kuma ya nuna a 1985 yadda ta yaɗu a faɗin Afirka ta Yamma. Babu mai hankalin da zai ce a hana riƙo. Marayu nawa ya raya, 'yan ƙauye nawa suka yi karatu ta dalilinsa? Aikin da ke gaban mai bincike shi ne ya iya rarrabe riƙo na gaskiya da aikatau da aka yafa wa mayafin riƙo, kuma hanyar ba ta da wuya in an yi tambayoyin da suka dace. Wa ya kawo ta, dangi ko dillaliya? Ana biyan wani kuɗi a ƙarshen wata, kuma hannun wa yake shiga? Tana zuwa makarantar da 'ya'yan gidan suke zuwa, ko Islamiyyar yamma kawai in an gama aiki? A ina take kwana, da su wa take cin abinci? In ta yi zazzaɓi, asibiti ake kai ta ko gida ake mayar da ita?

Binciken da ya fi taimaka mini wajen gane halin da muke ciki shi ne na Enid Schildkrout, wadda ta zauna a cikin birnin Kano a shekarun 1970. Ta lura cewa matan kulle suna gudanar da sana'o'i masu yawa daga cikin ɗaki, abin da Polly Hill ta riga ta gani a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, kuma yara ne ƙafafunsu. Yaro ke sayo kayan haɗi, ya kai niƙa, ya fita da talla, ya kai saƙo gidan biki, ya karɓo zubin adashe. Ribar tallan yarinya kuma kayan ɗakinta ake tara mata da ita. A daidai lokacin ne, 1976, gwamnati ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, sai Schildkrout ta nuna cewa in yara suka tafi makaranta, sana'ar iyayensu mata ce za ta ji a jikinta.

Abin da ya biyo baya muna ganinsa da idonmu. Masu hali sun sa 'ya'yansu a makaranta, daga boko zuwa Islamiyya zuwa darasin gida, amma aikin da yaran suke yi bai tafi ko'ina ba. Har yanzu sai an yi aike, sai an yi shara, sai an riƙe jariri. Sai aka ɗauko ɗan wani ya maye gurbin. Wato karatun yaro ɗaya yana tsaye ne a kan rashin karatun wani, alhali dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. A ina ake samo yaran? Rahoton talauci mai fuskoki da yawa na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikinsa a Najeriya, kuma Gombe tana cikin jihohi biyar da abin ya fi tsanani. Ga kuma iyalan da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, waɗanda akasarinsu a cikin unguwanni suka zauna, ba a sansani ba. Matan da suka rasa mazajensu a cikinsu da yawa da wanke-wanke da shara a gidajen mutane suke ciyar da marayu.

Namijin da ya fi kowa yin aikin gida a garuruwanmu kuwa almajiri ne, kuma shi ya fi kowa ɓacewa a lissafi. Hannah Hoechner, wadda ta yi bincike a birnin Kano da Albasu ta kuma buga littafinta a 2018, ta nuna yadda almajirai da yawa suke rayuwa da aikin gidaje: ɗiban ruwa, zubar da shara, wanki, cefane, a ba su ragowar abinci da ɗan abin da ya samu. Kowa a Bolari ko Pantami ya san "almajirin gidanmu", wanda kwanonsa ke kife a bayan ƙofar kicin. Ba ya kwana a gidan, saboda haka ba ya cikin mutanen gidan. Tsangaya kuma sau da yawa ba ta shiga jerin gidajen da ake zaɓa don bincike. Ba a taɓa yanka masa albashi ba, don haka shi kansa in ka tambaye shi ko yana aiki, zai ce a'a, yana dai da gidan da yake zuwa.

Batun kuɗi yana buƙatar a tsaya a kansa. Yawanci ba yarinya ke neman aiki da kanta ba. Akwai dillaliya, wata mata mai ƙafa ɗaya a ƙauye ɗaya a birni, ita ke lallashin uwa, ta kawo yarinya, ta karɓi kuɗin mota da la'adarta. Ƙarshen wata ya yi, sai ta zo ta zauna a falo, a gaisa, a ƙirga mata kuɗi ta ƙulle a bakin zane. Yarinyar tana tsugune a gefe, a ce mata, "Ki gaida Innarki, ki ce muna nan lafiya," ko kuma saƙon ya bi ta bakin dillaliyar. Nawa ya isa hannun uwar? Nawa aka sayi kwanuka da katifa da shi, nawa aka ci a tuwon damina? Yarinyar ba ta sani ba. Wata sai ranar da aka tashi aurenta za a gane babu abin da aka tara. Uwar da ta ba da 'yarta ba don rashin so ta yi ba. Al'ada ta ɗora mata kayan ɗaki da gara, mijinta ba shi da shi, in ta kai 'yarta ɗaki babu komai ita za a yi wa gori. Mai binciken da bai bi sawun kuɗin nan daga falo zuwa ƙauye ba, bai ga rabin labarin ba.

Sai doka. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana a ɗauki wanda bai kai shekara 18 ba aikin gida a wajen gidansu ko danginsa. Bauchi da Gombe suna cikin jihohin da suka yi jinkirin yin tasu sigar, sai bayan wajen shekara ashirin. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta sa iyakar a shekara 12, da hukuncin ɗaurin wata shida zuwa shekara bakwai ga wanda ya ɗauki yaron da bai kai haka ba. To yarinya 'yar shekara 14 fa? Wata doka ta hana, wata ta yi shiru, kuma ta 2003 ta bar ƙofar "dangi" a buɗe, wadda ta nan ake shigo da kowa. Dokar Ƙwadago ta san da ma'aikacin gida, har direban motar gida ta lissafa a ciki, amma ta bar wa minista ya tsara ƙa'idojin aikinsu. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu 70 a 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma babu gidan da ke da masu aiki 25. A matakin duniya akwai yarjejeniya ta 189 da ILO ta amince da ita ranar 16 ga Yunin 2011, wadda ta tanadi hutun awa 24 a jere kowane mako, da biyan albashi aƙalla sau ɗaya a wata, da sanar da ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa tun farko. Afirka ta Kudu ta rattaba hannu a 2013, Gini da Namibiya ma sun bi. Najeriya ba ta cikin waɗanda suka yi.

Mu da muke Musulmi ba ma sai mun jira Janiba, inda hedikwatar ILO take, ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, ijara ba ta inganta sai an san lada an kuma san aiki ko wa'adinsa. Hadisin Abu Zarri da ke cikin Bukhari da Muslim ya ce masu yi mana hidima 'yan'uwanmu ne, a ciyar da su daga abin da ake ci, a tufatar da su daga abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora a taya su. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma bai taɓa jin ko "tir" daga bakinsa ba. Muna jin waɗannan a wa'azi. Zai yi kyau wani ɗalibin sashen nazarin addinin Musulunci ya je ya auna tazarar da ke tsakanin abin da muke ji da abin da muke yi, gida-gida.

Kada kuma a mayar da uwar ɗaki dodo. Malamar makaranta da za ta fita ƙarfe bakwai, ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti, mai shago a babbar kasuwa, wa za su bar wa yara? Wuraren renon yara kaɗan ne kuma da tsada, famfo ba ya kawo ruwa kullum, wuta ba ta tsayawa balle a dogara da firji ko injin wanki, maigida kuma bai saba ɗaukar tsintsiya ba. ILO ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne ke yin kashi uku cikin huɗu na hidimar gida da ba a biya a duniya. Ita ma matar gidan a matse take, sai ta sauke nauyin a kan wadda ta fi ta rauni. Tana da nata tsoron na gaskiya: sata, sakaci da jariri, baƙuwar da ba a san asalinta ba, da abin da ka iya faruwa tsakanin yarinya da samarin gida, wanda in ya faru yarinyar ce kullum ake kora da abin kunya. Binciken da zai yi amfani sai ya saurari ɓangarorin biyu, amma kowa shi kaɗai.

Za a lura cewa manyan nazarce-nazarcen ƙasar Hausa da na ambata a Kano da Zariya da Katsina aka yi su, kuma yawancin masu yin baƙi ne. Yankinmu yana da nasa yanayin da ya cancanci a dube shi da kansa. A nan Fulani da Hausawa da Tangale da Waja da Tera da Bolawa da Jarawa da Sayawa suke cuɗe, ana samun yarinya Kirista a gidan Musulmi, ana samun Musulma a gidan Kirista, da tambayar ko ana barin kowacce ta yi ibadarta. Ana kawo mana yara daga ƙauyuka, mu ma ana ɗibar namu zuwa Abuja da Jos da Kano da Legas. Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jami'ar Sa'adu Zungur, da Jami'ar Jihar Gombe, da ta Tarayya da ke Kashere. Kowace shekara ɗalibai suna rubuta kundin kammala digiri, da yawa ta hanyar raba takardar tambayoyi ga waɗanda suka iya karatu. A wannan batu irin wannan hanya ba za ta kai ko'ina ba, don wadda ake nema ba ta iya cike takarda, wanda ya iya kuma shi ne mai gidan.

Ɗalibanmu mata suna da abin da baƙon mai bincike ba shi da shi: suna shiga har ƙuryar ɗaki, suna jin harshen, sun san bambancin "lafiya lau" ta gaskiya da ta tsoro. Amma ko su bai kamata su yi wa yarinya tambaya a gaban uwar ɗakinta ba. A same ta a wurin niƙa, ko a bakin famfo, ko a Islamiyya, ko a coci ranar Lahadi. Maimakon a ce "awa nawa kike aiki", wanda ba ta da agogon aunawa, a bi ranar jiya da ita daki-daki: me kika yi bayan sallar asuba, daga nan fa, ina kike lokacin azahar, yaushe kika ci abinci, yaushe kika kwanta. Hanyar da na fi ganin albarkarta ita ce a je ƙauyukan Akko ko Kwami ko Alkaleri ko Ganjuwa a nemi matan da suka taɓa yin aikatau suka dawo suka yi aure. Su ba sa tsoron kora, za su faɗi gidan da aka riƙe su da mutunci har aka yi musu kayan ɗaki, su faɗi wanda aka yi musu ƙazafin sata don kada a biya su. A zauna da iyayensu mata, a zauna da dillalan su ma.

Kafin ɗaliba ta fita, wajibi ne malaminta ya zauna da ita su yanke abin da za ta yi ranar da ta tarar da yarinya da shatin bulala a baya, ko 'yar shekara tara da ba ta san sunan garinsu ba. Ta fita da lambar jami'an walwalar jama'a na ma'aikatar mata ta jiha da ta NAPTIP, ta san mai unguwar wurin, kuma kada sunan yarinya ko na unguwarsu ya fito a kundin da za a ajiye a laburare inda kowa zai iya ɗauka.